Zayyana Ba Ta Riga Karatu

Akwai kalmar da Bahaushe ya ɗora wa aiki biyu, kuma da wuya ka ji ya tsaya ya tambayi abin da ya haɗa su. Kalmar ita ce zayyana. Idan rigima ta kai gaban mai unguwa, bayan ƙura ta lafa, sai ya dubi wanda abin ya faru a idonsa ya ce, "To, Malam, zayyana mana yadda aka yi." So yake a jero masa magana daki-daki, kowace a mazauninta, har wanda bai halarta ba ya ji kamar da shi aka yi. Amma in ka shiga tsangaya ka ambaci zayyana, ba wanda zai kawo bayani a ransa. Allo za a nuna maka, wanda aka ƙawata da ja da kore da ruwan ɗorawa, aka tanada domin ranar da yaro zai sauke Alƙur'ani. Daga Larabci kalmar ta zo da ma'anar ƙawatawa, da ta zauna a bakin Hausawa sai ta ƙara ɗaukar nauyin fayyacewa. A ganina wannan haɗi ba katari ba ne. Mutanen da suka kira ado da bayani da suna ɗaya sun gane cewa ado na gaskiya fito da abu fili yake yi, bayani mai kyau kuma yana da nasa fasali. A cikin wannan fahimta nake hangen amsar tambayar da ke gaban duk mai aikin fasaha da duk mai koyar da yara: don me kake yi, kuma don wa?

Kalmar tana da maƙwabta, sai an jera su ake gane inda ta bambanta. Akwai kwalliya, wadda ake yi da hantsi a wanke kafin a kwanta, shi ya sa ake auna ta da riba, a ce ta biya kuɗin sabulu ko ba ta biya ba. Akwai ado, wanda ya fi ta faɗi, tun daga adon doki ranar hawan salla har zuwa adon magana a bakin maroƙi. Akwai kuma zane, tushen aikin duka, domin kowace zayyana da layi ɗaya take farawa. Zane yana jikin ƙwarya, yana bangon soro, yana fuskar mutum yana faɗin zuriyarsa, kuma da Bahaushe ya so ya ambaci abin da ba ya kankaruwa sai ya ce hali zanen dutse. Sai dai zane yana da wata fuska da kowane yaro ya sani tun kafin ya san ta farko. In uba ya ce "zan zane ka," ba alƙalami zai ɗauko ba. Hannun da ke jan layi a kan allo shi ne dai ke iya jan layi a gadon bayan yaro, kuma duk mai koyarwa kullum yana tsaye tsakanin waɗannan zane biyu, yana zaɓen wanda zai bar wa ɗan mutane. Zayyana ta fita daban a cikin wannan dangi saboda sharaɗi ɗaya da take da shi, wato ba a yin ta sai a kan abin da ya riga ya kammala. Ba a zayyana labarin da ba a sani ba, ba a kuma zayyana allon wanda bai sauke ba.

A Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi, da sauran garuruwan masarautar Kazaure irin su Roni da Gwiwa, har zuwa Babura wajen iyakar Nijar, makarantar allo ba baƙuwa ba ce, tana nan a zaure ko a gindin bishiya. Kayan aikinta kaɗan ne, kuma kusan dukkansu da hannu ake yin su. Allo masassaƙi ne ya fitar da shi daga icce. Alƙalami kara ne da aka fere, aka tsaga bakinsa don ya riƙe ruwa. Tawada gawayi ce da ƙaro, aka dama aka zuba a kurtu. Yaro ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya jingina allo a gwiwa, ya tsoma alƙalami, ya ja harafi daga dama zuwa hagu, yana tauna leɓe saboda tsoron kada layi ya karkace. In ya biya karatunsa daidai sai malam ya ce a wanke, a shanya allon ya bushe, a yi masa ƙari. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi inda ake takawa. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, daga babbaƙu zuwa farfaru, daga ƙananan surori zuwa manya, har a cika izu 60. Abin lura a nan shi ne duk rubutun da yaron ya yi a tsawon wannan zamani, don a wanke aka yi shi. Ana koya masa ya kyautata abin da ya san gobe ba ya nan, domin inda ake so rubutun ya zauna shi ne ƙirjinsa. Wanda ya saba da haka tun yana ƙarami ya koyi yin aiki mai kyau ba tare da jiran wani ya gani ya yaba ba.

Tun a matakin babbaƙu ma fasaha ta riga ta shiga cikin koyarwar. Malaman da suka fara karantar da 'ya'yan Hausawa haruffan Larabci sun tarar da yaro ba ya riƙe abin da ba shi da kama a idonsa, sai suka raɗa wa kowane harafi suna gwargwadon siffarsa. Harafin da ya buɗe baki a farkon kalma suka kira shi ambaki. Shi ɗin ne dai in ya shiga tsakiyar kalma ya rufe, sai ya koma an likkafa, saboda ya yi kama da inda mahayi ke zura ƙafarsa. Akwai ba guje, da mim jaye, da lam ara, da ha kuri. Ba mu san sunayen waɗanda suka ƙago wannan tsari ba, amma manufarsu a bayyane take. Sun sunkuya ne har suka yi daidai da tsawon yaro, suka duba duniya da idonsa, suka ɗauko masa likkafa da baki da gudu, abubuwan da ya riga ya sani, suka ɗaure masa sabon ilimi a jikinsu. Wannan ita ce zayyana a ma'anarta ta fayyacewa, kuma ba mai iya yin ta sai wanda yake son yaron ya gane fiye da yadda yake son a ce shi malamin ya sani.

Sai ranar sauka ta zo, a yi wa yaro abin da ba a taɓa yi masa ba. A kai wa gwanin zane aiki, ya auna fuskar allon ya raba ta gida-gida, ya ja da'ira da murabba'i da layuka masu sarƙe juna, ya cike su da launi, ya bar fili inda za a rubuta Fatiha da ayoyin farko na Baƙara. Ba mutum a ciki, ba dabba, ba tsuntsu. Launukan kuma ba baƙi ba ne ga mai karatu, su ne ya saba gani a Alƙur'ani rubutun hannu na ruwayar Warshu, inda wasali ke zuwa da ja, hamza da ruwan ɗorawa, alamar sadarwa da kore. Yaro ya sa sababbin kaya, ya durƙusa gaban malaminsa da dattawa, malam ya biya masa yana bi, a yi addu'a, a ci abin da ya samu, sannan ya ɗauki allon ya zaga gidajen dangi, kawu ya ba shi abin da ya sawwaƙa, gwaggo ta rangaɗa guɗa. Akwai hikima a zaɓen abin da ake rubutawa. Yaro daga ƙarshen Mus'hafi yake hawowa, saboda haka abin da ya ƙare da shi shi ne shafin farko na littafin. Allon da ke shaida cewa ya gama shi ne ke nuna masa inda zai sake farawa, domin bayan sauka akwai tilawa da hadda da satu, kuma tsakanin gardi da alaramma da gwani akwai tafiya mai nisa.

Daga nan nake ɗauko hujjata. Abin da ke bayan aikin mai zane na ƙwarai da aikin malami na ƙwarai abu ɗaya ne, wato su fito da darajar da ke ɓoye a cikin wani abu har mai shi ya gan ta da idonsa. Malam ya shafe shekaru yana zuba karatu a cikin yaro, amma karatu ba ya ganuwa, yaron kansa bai san nauyin abin da ya ɗauko ba. Mai zayyana ne ke zuwa ya mayar da wannan wahala abin da za a riƙe a hannu a nuna wa kaka. Ba kasafai yake sa sunansa a jikin allon ba, kuma ba wanda zai tambayi sunan nasa a wurin walima, ranar ta yaro ce. Manyan gwanayen ƙasar nan ma a kan wannan turba suka bi. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga bakan gizo na ƙasa da azara domin masu salla su sami inuwa mai kwarjini. Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar ya gina wa mutanen garinsu masallacin ƙasa, kuma sai a 1986 duniya ta waiwaye shi da lambar yabo ta Aga Khan, bayan mutanen Yama sun daɗe suna salla a ciki. Marigayi Sharu Bala Gabari na Kano ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa da irin rubutun da almajiran ƙasar Hausa suka saba da shi, aka buga shi ya bazu a tsangayu, yara da yawa suka koyi kyan harafi daga hannun mutumin da ba su taɓa gani ba. Dukkansu akwai wanda suke yi dominsa, kuma ba su ne ba.

Kada a ɗauka wannan magana ta tsaya a zauren malam. A cikin gida ma ana yin ta, a hannun mata, ba tare da an kira ta makaranta ba. Yarinya ta zauna kusa da kakarta tana kallon yadda ake nannaɗe faifai, zare bayan zare, ana sako ja a inda ya dace. Ranar da ta yi nata na farko, ya fito a karkace, kaka za ta juya shi ta duba bayansa, domin a bayan faifai ake gane mai haƙuri, sannan ta ce, "Warware nan, jikalle, ki sake." A wannan kalma ɗaya an koya mata cewa aiki yana da haƙƙi a kan mai yin sa. Yaran ƙauye kuwa ba sa jiran a ce su ƙera wani abu. Da an yi girbi za ka gan su da karan dawa suna fere shi suna haɗa mota, da damina kuma suna gina shanu da laka a bakin kududdufi, da azumi su haɗa kayan tashe da tsumma da auduga. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ginin tukwane ta koya tun tana yarinya a hannun wata daga cikin iyayenta mata, shekaru da yawa kafin ta shiga cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954. Yaro da kwaɗayin ƙira ake haifarsa. Abin da babba ke ƙara masa shi ne ma'auni, wato ya san lokacin da aiki ya gama da lokacin da bai gama ba.

Masu alƙalami ma sun san da haka. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zuba ilimi a cikin waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta ba jajis, wato malamai mata, su kai wa matan ƙauyuka ta hanyar 'yan taru, domin ta san abin da ke da kari da amsa-amo ya fi zama a kai, kuma uwar da ta haddace shi za ta rera shi a kunnen ɗanta. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, domin ya zama littafin karatu a makarantu, ya sa labaran a bakin aku mai hira da ɗan sarki. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, malamin makaranta ne kafin a san shi da waƙa, kuma waƙoƙinsa ba su rabu da aikin malanta ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɗauki daɗin magana a matsayin ƙari da za a iya yarwa. Sun ɗauke shi hanyar da gaskiya ke bi ta isa zuciyar mai koyo.

To amma akwai masu ja, kuma ja ɗinsu yana da ƙarfi. Na farko zai ce: yaron da ke yawo da roba ƙofa-ƙofa yana neman ɗan ragowa, ƙafa ba takalmi, me allo mai launi zai tsinana masa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk wanda ya yabi tsangaya ya rufe ido daga bara ya zalunci yaran. Ciyar da ɗa wajibi ne a kan ubansa, ba zayyanar da za ta sauke masa wannan nauyi. Gwamnati ma ta san matsalar, shi ya sa aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka gina irinta a jihohi da dama, aka kuma kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023. Sai dai ba kuɗin launi ne ya jawo yunwar ba, kuma hana yaro zayyana ba zai ƙara masa loma ɗaya ba. Abin da bara ke cinyewa a jikin yaro ya wuce ƙiba, tana cinye mutuncinsa ne, tana koya masa cewa shi abin kora ne daga bakin ƙofa. Ranar sauka tana cikin 'yan ranakun da jama'a ke taruwa domin shi, manya su yi shiru su saurari muryarsa. Wanda yake son gyara rayuwar almajiri sai ya kawo masa tuwo da magani da wurin kwana, ya kuma bar masa wannan rana, domin yaro yana buƙatar su duka.

Na biyu zai zo ta fuskar addini da tarbiyya ya ce ado ƙofar riya ce, kuma ga shi muna gani. Saukar yau a wurare da yawa ta koma gasar anko da rumfuna da masu ɗaukar hoto, ana buga shaida a kwamfuta a sa ta a gilashi, wani lokaci kuma yaron da aka yi wa wannan hidima in ka buɗe masa tsakiyar Mus'hafi sai ya yi ta in'ina. Wannan ma gaskiya ne, kuma Bahaushe yana da sunan irin wannan kyau, yana kiran sa kyan ɗan maciji. Amma wanda ya duba da kyau zai ga laifin yana wurin karya sharaɗin da muka ambata, an kawo ado kafin aiki ya kammala, an yi shi domin idon maƙwabta, yaro ya zama dalilin taro kawai. Maganin wannan shi ne a mayar da sharaɗin, malam ya ƙi sa hannu sai karatu ya nuna, ko da iyaye sun matsa. Musulunci bai ƙi kyau ba. A cikin hadisan da Imamu Muslim ya ruwaito akwai wanda ya tabbatar da cewa Ubangiji yana son kyau, da wanda ya nuna an wajabta kyautatawa a kan kowane abu har yankan dabba. Da malamai suka yi tsanani a kan zana mai rai, masu fasahar ƙasar Hausa ba su ajiye alƙalami ba, sai suka zurfafa a cikin layi da ƙulli, har suka fitar da dagi da askar da ke ƙirjin babbar riga da zanen da ke fuskar soraye. Iyakar da aka sa musu ta ƙara musu zurfin tunani ne.

Na uku daga cikin masu fasahar kansu zai fito. Zai ce shi ba malamin makaranta ba ne, kuma duk lokacin da aka ɗaura wa waƙa ko fim ko zane igiyar faɗakarwa sai ya mutu a tsaye, ya koma wa'azi maras gishiri. Zai ƙara da cewa shi ma yana da iyali, da aikin nan yake ci. A rabin farko ina tare da shi. Labarin da aka rubuta da gaggawa, aka liƙa masa darasi a wutsiya, abin da yake koya wa yaro shi ne ana iya yin aikin ha'inci a fake da kyakkyawar manufa. Darasin da fasaha ke bayarwa yana cikin ingancinta, a layin da bai karkace ba da baitin da bai karye ba. Yaran da suka karanta Magana Jari Ce sun riƙe shi ne domin ya yi musu daɗi, hikimar ta bi daɗin ta shiga. Game da abinci kuwa, ba wanda ya ce gwani ya yi aiki da yunwa. Malamin allo yana karɓar kuɗin Laraba, mai zayyana ana biyan sa, kuma haƙƙinsu ne. Hausa ta kira abin da ake ba ma'aikaci lada, ta kira abin da ake fata a wurin Allah lada, ba ta ga saɓani a tsakaninsu ba. Karɓar kuɗi ba ya ɓata niyya. Abin da ke ɓata ta shi ne a rage aiki saboda wanda ake yi wa yaro ne, ba zai gane ba. Yaro kuwa yana ganewa, ko da ba shi da bakin faɗa.

Inda abin ya fi damuna shi ne makarantar boko. Tun makarantar da Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, akwai sashen koyar da sana'o'in hannu a cikin tsarin. Har yau manhajar ilimin bai-ɗaya, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, tana da darasin al'adu da fasaha. Amma kowa ya san abin da aikin hannu ya koma a firamare da yawa. Ƙarshen zango ya zo, a ce kowane yaro ya kawo aikinsa, sai uwa ta saya masa tsintsiya ko mafici a kasuwa, ko kuma a karɓi kuɗi a maimakonsa a rubuta masa maki. Wannan ya fi rashin darasin muni, domin an koya wa yaro da hannun malaminsa cewa ana sayen sakamakon aikin da ba a yi ba. Wanda ya sayi makin tsintsiya yana aji uku, ba abin mamaki ba ne in ya nemi sayen amsar jarrabawa yana aji shida na sakandare. Za a ce malamai sun yi kaɗan, aji ya cika maƙil, ba kayan aiki, kuma lissafi da Turanci su ne ake tambaya a jarrabawa. Duk haka ne. Amma kara da kaba da laka da ƙaro ba daga waje ake shigo da su ba, suna bayan makarantar. A garuruwan nan akwai masu saƙar tabarma da masu ɗinkin hula da maƙera da masu zayyana, waɗanda in an girmama su aka gayyace su za su zo su zauna da yara. Yaron da ya auna faɗin allo ya raba shi gida takwas daidai ya yi lissafi, ya kuma san amfaninsa. Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan marigayi Sarki Husaini Adamu, kuma injiniyan da za a yaye a can daga yaron da ya taɓa haɗa motar kara yake fitowa.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a cika tambayar wane fasali ake so ya ɗauka ba, alhali nan ne manufar mai koyarwa take. Akwai mai tanƙwara yaro don ya ji tsoronsa, akwai mai yi don a ce makarantarsa ta fi ta wane yawan masu sauka, akwai mai yi don abin da zai shiga aljihunsa. Wanda ya cancanci a kira shi malam shi ne mai son yaron ya tashi ya zama mutumin da ba ya sakin aiki sai ya kyautata shi, ko ana kallo ko ba a kallo, ko noma ne ko ɗinki ko shari'a ko jinya. Mai fasahar da ya cancanci a kira shi gwani shi ma burinsa ke nan ga duk wanda ya ɗora ido a kan aikinsa. Saboda haka ina kira ga iyaye da malamai na ƙasar Kazaure da kewayenta: kada ku karɓi kuɗi a madadin aikin hannun yaro, kada ku saya masa abin da aka ce ya yi da kansa, kada ku yi masa bikin abin da bai iya ba. In ya kawo muku abin da ya ƙera, ku ajiye abin da kuke yi ku karɓa da hannu biyu, ku duba shi da gaske, ku nuna masa inda ya yi daidai da inda zai warware ya sake. In kuma ya kammala da guminsa, ku girmama shi a gaban jama'a gwargwadon ƙarfinku. Amana ce aka ba ku, kuma za a tambaye ku yadda kuka riƙe ta.